Monita mai 240Hz: ƙwaya 8 ko ƙwaya 24?

Auta: Salamu alaikum 'yan gida. Allah ya yi na mallaki monita mai 240Hz, 1080p ce, kuma wasannin harbi na kwamfuta, CS2 da Valorant, nake bugawa. Saura furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Mai shagon da na je taya kaya ya kafe sai dai in ɗauki Core i9-14900K na kamfanin Intel, wai ƙwayarsa 24 (ƙwaya ita ce sashen da ke yin lissafi a cikin furosesa), shi kuwa Ryzen 7 7800X3D na kamfanin AMD ƙwaya 8 ce kacal. Har cewa ya yi ko yaron goye ya san 24 ta fi 8. Me kuka gani?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, lissafin nan na kasuwa ne. Monitarka tana sauya hoto sau 240 a daƙiƙa ɗaya, ka ga kowane hoto sai an gama shi cikin milisakan 4.2 ke nan. A 60Hz kana da milisakan 16.7, har da sararin shan iska. Furosesa shi ke tsara inda kowa yake tsaye da inda harsashi ya bi, sannan ya miƙa wa katin hoto ya zana. Wasa ba ya raba wannan aiki gida 24. 'Yan ƙwayoyi kaɗan ke ɗaukar nauyin, sauran suna zaman kashe wando.

Edita: Yaya Injiniya, ka faɗi rabi ka bar rabi. Idan 'yan ƙwayoyi ke aiki, ai gudunsu za a duba. 14900K yana taɓa 6.0GHz, 7800X3D kuwa a 5.0 yake tsayawa. To wa ya fi wani sauri?

Injiniya: Sauri ba ya amfanar mai jira. Ɗauki tela biyu. Ɗaya hannunsa kamar walƙiya, amma duk lokacin da yake son zare sai ya tashi ya leƙa sito. Ɗayan bai kai shi zafin hannu ba, sai dai zarensa da almakashinsa suna kan teburi. Teburin nan shi ne kash, 'yar ma'ajiyar da ke jikin furosesa. 7800X3D yana da 96MB na babban kash ɗin da ake kira L3, domin AMD ta ɗora ƙarin 64MB a kan 32 na asali. 14900K yana da 36MB. Abin da babu shi a kash sai an je ram, babbar ma'ajiyar da ke wajen furosesa, siton ke nan, kuma a 240Hz wannan zirga-zirgar ce ke cinye lokaci. Sannan 24 ɗin da ake tutiya da ita, 8 ne manya, 16 ƙanana ne na ayyukan gefe.

Edita: Ƙananan nan da ka raina su nake cin abinci da su. Bidiyon biki na awa biyu nake haɗawa, in bar shi yana fita ina wani aikin. A wannan fagen ƙwaya 8 ba ta kama ƙafar 24.

Anti: Ba wanda ya musa maka wannan, Edita. Amma yaron nan bai ce zai haɗa bidiyon biki ba, harbi ya ce zai yi.

Mai Gyara: Ni ta wajen wuta zan shigo. 14900K an ba shi damar jan wat 253 idan aiki ya yi tsanani. 7800X3D wat 120 aka rubuta masa, kuma a wasa ba ya ma kaiwa nan. Auta, da inbata kake kwana, ko na manta? Ka tuna da zafin Afrilu, ɗaki kamar tanda, ga ƙura ta toshe fanka. Kuɗin na'urar sanyaya da wancan zai buƙata ma abin dubawa ne. Kada kuma a manta da 2024, lokacin da Intel da kanta ta amsa cewa wasu furosesocinta na zubi na 13 da na 14, wanda 14900K ke ciki, suna neman wutar da ta wuce kima har su lalace. Ta fitar da gyara ta BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta, ta ƙara shekara biyu a garanti.

Edita: Ka faɗa da bakinka, an fitar da gyara.

Mai Gyara: An fitar, amma gyaran ba ya warkar da wanda ya riga ya taɓu. Idan na hannu aka kawo maka, wa zai rantse maka da tarihinsa?

Anti: Ku tsaya, duk kun tafi sama. Ni ban yarda dole sai ɗayan biyun nan ba. Ryzen 5 7600 mai ƙwaya 6 yana tura Valorant yadda ya kamata, canjin a zuba shi a katin hoto. Ranar da Auta ya gaji da harbi ya buɗe Cyberpunk 2077, kati ne zai yi kuka, furosesa na hutawa.

Injiniya: Anti, a wasanni masu nauyin hoto ko a 4K, inda ɗigon hoto ya fi na 1080p yawa, maganarki dutse. A CS2 kan 1080p kuwa labari ya sha bamban. Kuma kada a tsaya kan matsakaicin adadin hoton da ke fita a daƙiƙa. A lura da lokacin da aka jefa hayaƙi, mutum biyar suka afko lokaci guda. Nan adadin ke ruftawa, nan hannu ke jin tsaiko, nan kuma babban kash ke nuna kansa. Gwajin ba wuya: buɗe MSI Afterburner, manhajar da ke nuna yawan aikin da kati ke yi, kana wasa. Idan katin yana aiki kusan 99 cikin 100, shi ne ya gaza. Idan yana lilo can ƙasa kuma adadin ya ƙi hawa, furosesa ne ya riƙe shi.

Mai Gyara: Kafin ma gwajin, a duba saitin monita. Ni nan wata uku na yi ina yabon tawa mai 144Hz, ina ce wa kowa ya zo ya ga laushi. Ashe a 60 take, ban taɓa shiga saitin Windows na sauya ba. Ƙanena ne ya gano, har yau bai daina yi mini dariya ba.

Auta: Wallahi yanzu na duba tawa, ita ma 60 ta nuna. To Yaya Injiniya, 9800X3D fa da ya fito a Nuwamban 2024?

Injiniya: Ya fi 7800X3D, an mayar da kash ɗin ƙarƙashin ƙwayoyin don zafi ya riƙa fita da sauƙi. Dukansu mazauni iri ɗaya suke hawa, AM5, kuma ram irin DDR5 kawai suke karɓa, ka nemi ram mai gudun 6000, guda biyu. Idan tazarar kuɗin tana da yawa, tsohon ya ishe ka.

Edita: Ni dai ina nan a kan bakana. Ranar da ka fara haɗa bidiyo za ka neme ni.

Anti: Auta, wane kati ke hannunka tukuna? Tun ɗazu ba wanda ya tambaya.

Auta: GTX 1650 ne, Anti.

Anti: Wannan ai ƙaramin kati ne, to a ajiye zancen furosesa, a dawo kan kati.