Na'urar tace iska ta ƙi daina nuna jar wuta

Assalamu alaikum. Tun shigowar hunturu nan Kano, na'urar tace iskar da ke ɗakin yarana take nuna jar wuta dare da rana, fankarta na ta gudu da ƙara. Na wanke ragar waje ta bushe sarai, na sa sabuwar filtar HEPA (matatar ciki mai kama ƙura mai laushi) bayan na cire ledarta, na danna maɓallin sake saiti, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ƙurar kan teburi ta ragu, amma wutar ko gezau. Ƙarar tana hana ƙaramin barci, ga shi yana fama da tari. Ina zargin ɗan ramin gefe mai auna ƙura ne ya toshe. Don Allah, yaya ake goge shi ba tare da an lalata shi ba?