Wai tundura hamada ce? Damagarawa sun kaure da gardama

Uba daga Birni: Salamu alaikum. Jama'a ku taya ni ji. Yarona na CM1, aji na biyar a firamare, ya dawo daga lakol hannun riga duk kitse. Wai mushensu ya sa kowa ya kawo dala 20, aka sayi ƙanƙara aka cika bokiti suna tsoma hannu. Wai darasin tundura ne, wata hamadar sanyi can Sibiriya da Alaska da arewacin Kanada inda itace ba ya tsirowa. Yaron da in ka ce ina Tanut sai ya nuna maka hanyar Magarya! A fara koya musu gida mana.

Ɗan Tasker: Tsaya Alhaji. Hamada kuma? Wa ya ba su izini? Hamada tamu ce, rairayi da raƙumi da rijiya mai zurfi. Wurin da ƙanƙara ta lulluɓe ba ya cin wannan suna.

Mushen Zango: Ɗan'uwa, ba rairayi ake dubawa ba, ruwan da ke sauka daga sama ake aunawa. Yawancin tundura abin da take samu a shekara bai wuce milimita 250 ba, har da dusar ƙanƙara in an narkar da ita. Mu nan Zinder muna samun wajen 400. Kenan mun fi su ruwan sama.

Ɗan Tasker: Mun fi su ruwa, kuma muke kwana layin famfo da jarka? To ƙanƙarar tasu daga firigo take fitowa?

Madam ta Sabon Gari: Yaya, ɗan abin da ya sauka ne ba ya tafiya. Ƙasar ƙarƙashi a daskare take shekara da shekaru, ruwa ba ya iya nutsewa, rana kuma ba ta da ƙarfin ƙafar da shi. In saman ya narke lokacin ɗumi sai ko'ina ya zama fadama, sauro ya yi ta ƙyanƙyasa.

Mai shago a Dole: Fadama da sauro, amma hamada. Madam, kin ji abin da kika faɗa kuwa? Ni ƙanena ya yi shekaru yana bin hanyar Bilma, bai taɓa dawowa da labarin fadama ba.

Mushen Zango: Labarin ƙane ba hujja ba ne.

Mai shago a Dole: Naku littafin anasara shi ne hujja? Dama ku malamai bakinku ɗaya, in an taɓa guda sai ku taso.

Mushen Zango: A bar malamai su huta. Ɗan kwantiragin da ke jiran kuɗinsa har wata ya wuce, ya tsaya ya shirya gwaji domin yara su gani da idonsu, ladarsa kenan?

Uba daga Birni: Ni fa maganar Tanut na yi.

Madam ta Sabon Gari: Alhaji ku yi haƙuri, gwajin nan mai kyau ne. Leda biyu ake sakawa ɗaya cikin ɗaya, a cusa kitse tsakaninsu, yaro ya zura hannu ya tsoma a ruwan ƙanƙara, ɗaya hannun kuma tsirara. Na tsirara nan da nan zai fizge shi yana ihu, mai ledar kitse kuwa yana nan abinsa. Daga nan ba sai ka yi dogon bayani ba kan yadda kitse ke tsare dabbobin can. Kuma gidan ma ana koyar da shi ta nan. Yaya na Tasker, yanyawarku yaya kunnuwanta suke?

Ɗan Tasker: Fato-fato, sun kusa fin kanta girma.

Madam ta Sabon Gari: Ta nan take fitar da zafin jiki. Ƴar'uwarta ta tundura kunnuwanta ƴan gajeru ne don kada ɗumi ya tsere, gashinta fari fat lokacin sanyi, ya koma ƙasa-ƙasa in ƙanƙara ta narke. Barewarsu mai jan keken ƙanƙara kofatonta faffaɗa ne kamar tafin raƙumi, ba ta nutsewa, da shi kuma take tono abincinta.

Ɗan Tasker: Yanzu kuma raƙumin ma za ku raba mu da shi.

Ladanin unguwa: Ni abin da yaro ya faɗa mini ya fi damuna, wai can rana na yin makonni ba ta faɗi ba. To yaushe suke shan ruwa da azumi? A kiyayi abin da ake cusa wa yara.

Mushen Zango: Gaskiya ne Malam, haka take yi can ƙurya arewa, lokacin sanyi kuma ta yi makonni ba ta fito ba. Wasu musulmin arewacin Norway lokacin Makka suke bi.

Mai shago a Dole: Mushe ya zama mai fatawa!

Ladanin unguwa: Ba a wasa da wannan, Alhaji mai shago.

Shugaban zaure: To ya isa haka. Na karanta duka. Abin da ya fito fili, mafi yawan masu magana ba su amince a kira ƙasar sauro da fadama hamada ba, kuma ni da na tashi a arewacin Gure na san abin da suke nufi. Malamai sun kawo lissafin milimita, amma cikinmu ba wanda ya je can ya auna. Bayanin yanyawa ya yi, domin ya nuna dabbarmu ce ta fi dabara. Mai son maganar azumi ya tambayi limaminsa, mai son ta albashi ya nemi sandikarsa.