Neman shawara kan mayar da tsangayarmu sabon mazauni

Assalamu alaikum. Ni malami ne a tsangayar koyar da aikin lauya ta wata jami'a, kuma hukumar jami'ar ta yanke shawarar mu tashi daga tsohon mazauninmu na cikin gari zuwa na dindindin kafin zango mai zuwa. Na je na ga ginin da idona: ɗakin karatu babu kanta ko ɗaya, kundayen hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli suna jibge cikin kwalaye, ɗakin kotun gwaji kuwa ko rufi ba a yi masa ba, alhali Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa tana duba irin waɗannan kafin ta sabunta amincewarta da kwas.

Abokan aikina sun rubuta wa shugaban jami'a takardar koke, suna jiran sa hannuna. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, shugaban tsangayar da ke jagorantar ƙaurar malamina ne, shi ya duba kundin digirina na biyu. Sau biyu ina samunsa a ofis, yana cewa in yi haƙuri. Shin akwai hanyar da zan sa a rubuta rashin amincewata a bayanan taron tsangaya ba tare da na tsallake shi ba?