Wai zane da waƙa wasa ne a makaranta?

Malamar zane: Assalamu alaikum. Abin nan ya ishe ni. Da jarrabawa ta ƙarato, darasin zane da waƙa ake fara yankewa daga jadawali, a miƙa wa lissafi minti 40 ɗin. Ana ɗaukar su wasa. Alhali yaron da ya zana abu da hannunsa ya fi riƙe shi a kan wanda ya kwafa daga allo. Kamata ya yi fasaha ta shiga kowane darasi. Mai ja ya fito.

Malamin lissafi: Wa'alaikumus salam, Malama. Ba raini ba, amma yawancin abin da ake yi wasa ne. A ba yara hoton alwatika su yi minti 30 suna shafa masa launi, su fita ba su san kusurwoyinsa uku sun haɗa digiri 180 ba.

Malamar ajin ƙanana: Malam, tun yaushe wasa ya zama zagi? Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna kindergarten a 1840, a kan wasa ya gina tsarinsa: ƙwallayen zare, 'yan guntayen katako, naɗe takarda. Ka janye kalmar.

Malamin lissafi: Ba ni na fara kawo ta ba.

Malamin wasan kwaikwayo: Mu darasinmu da wannan kalmar sunansa ya fara, kuma ba ma jin kunya. Ga yadda ake yi a darasin karatu. A karanta labari sau ɗaya, minti 10. A raba aji biyar-biyar, kowa da matsayinsa a labarin. Su gwada na minti 10 ba tare da takarda a hannu ba, don dole su faɗi maganar da bakinsu. Rukuni biyu ko uku su fito, minti 3 kowanne. Sai kowa ya zauna ya rubuta layi biyar da muryar wanda ya kwaikwaya a labarin. Wuri biyu ake ɓarawa: a tsallake rubutun, ko a bar masu kaifin baki su cinye fagen, mai kunya yana raɓe da bango. Rahoton OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, na 2013 ya nuna hujja mafi ƙarfi tana nan, wato wasan kwaikwayo a aji yana ƙara fahimtar karatu da iya magana.

Malamin kiɗa: Kullum ku ne a gaba. Kiɗa fa? An tabbatar sauraron kiɗan Mozart, shahararren makaɗin Turai na dā, yana ƙara wa yaro basira.

Malamin lissafi: Ba a tabbatar ba, Malam. Binciken 1993 ne, a kan ɗaliban jami'a 36, ba yara ba. Sun saurara minti 10, sun ɗan fi ƙoƙari a gwajin hango siffofi a ka, kafin kwata awa abin ya gushe.

Malamin kiɗa: To bar Mozart. Sa yara su tafa: dogon sauti bugu huɗu, rabinsa biyu, kwatansa ɗaya. Wanda ya ji rabi da kwata a tafin hannunsa ba zai ce kwata ya fi rabi ba don huɗu ya fi biyu.

Malamin lissafi: Wannan na karɓa, domin lissafi ne. Ga wani. A yanka kwali da almakashi: alwatika mai ɓangarori daidai, murabba'i, mai kusurwa biyar, mai kusurwa shida, goma sha biyu kowanne. Yara su shimfiɗa su ba giɓi. Uku za su zauna, saboda kusurwoyinsu, digiri 60 da 90 da 120, duk suna raba 360 na cikakken zagaye ba saura. Mai biyar zai ƙi: kusurwarsa 108, uku sun ba da 324, saura giɓin 36 da yaro zai sa yatsa a ciki. Sharaɗi, malami ya yanka da ma'auni tun kafin darasi. In yara suka yanka, gefuna za su karkace, giɓi ya fito ko'ina.

Malamar zane: Ka ga abin da nake gudu. Ka mai da zane ɗan aiken lissafi. Wa zai koya wa yaro cewa shuɗi ake ɗiga wa rawaya kaɗan-kaɗan in ana neman kore, domin mai duhu yana rinjayar mai haske? Wa zai koya masa duba inda inuwa ta faɗi?

Malamar ajin ƙanana: Har yanzu bai janye kalmar ba.

Shugaban zaure: Jama'a, a dakata haka. Abin da aka cimma: kowa ya yarda fasaha tana da amfani idan tana yi wa lissafi da karatu hidima, kuma misalin kwali ya fi kowanne gamsarwa. Batun Mozart ya faɗi. Don haka rage darasin zane gab da jarrabawa ba laifi ba ne.

Malamar zane: Ranka ya daɗe, ni ban yarda da haka ba, kuma ba wanda ya amsa mini maganar minti 40 ɗina.