Wa ya taɓa kwana a tanti a Farasan da iyali?

Baban Hanan, Makka:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Yarana huɗu duk nan Makka aka haife su, gidanmu ɗaki biyu ne a sama, daga makaranta sai waya, teku kuwa in ba Kornish, wato bakin tekun Jidda, da muke zuwa da sallah mu shimfiɗa tabarma cikin cunkoso mu dawo ba, ba su san shi ba. Ni a bakin gulbi na tashi can gida, abin na damuna wlh, autana shekara 7 bai taɓa ganin an fito da kifi daga ruwa yana motsi ba. Wani abokin aikina ɗan Jizan ya ce in kai su tsibirin Farasan da ke cikin Bahar Maliya daura da Jizan mu kafa tanti mu yi kwana biyu. Wa ya taɓa zuwa da mata da yara? Ana barin mutum ya kwana bakin ruwa? Mota fa, ana tsallakawa da ita? Kuma wane wata ya fi?

Ɗan Karantina, Jidda:
Wa alaikumus salam Alhaji. Sau biyu na je. Daga Jidda zuwa Jizan wajen kilomita 700 ne ta hanyar gaɓa, ka wuce Lis ka wuce Kunfuda, awa 8 ke nan in ba ka cika tsayawa ba, da yara kam gara ku kwana a Jizan ku huta kafin ku shiga ruwa. Abbara, wato jirgin ruwan da ke tsallakawa tsibirin, kyauta ce kai da motarka, ko riyal ɗaya ba a karɓa, awa ɗaya da ɗan wani abu kun sauka. Inda gizo ke saƙa shi ne wurin mota, ka yi hajzi, wato ka kama wuri, tun da kwanaki, na zuwa da na dawowa, balle lokacin hutun makaranta. Zuwana na farko ban yi ba, dole na bar motar a Jizan na ɗauki haya a can, rabin kayan ma a but na baro su. Igamar kowa, wato katin izinin zama, ta kasance a hannu. Wata kuwa Disamba zuwa Fabrairu. Da bazara kar ka soma, iskar wurin jiƙe take, kana zaune zufa na zuba kamar an watsa maka ruwa. A Afrilu ake bikin kifin harid a bakin Hasis, yana da kyan gani amma jama'a sun yi yawa ga mai neman sarari.

Ummu Yasir:
Yaya Baban Hanan ka je wallahi, amma ka sa maman yara cikin shirin tun yanzu don nauyin a kanta zai faɗa. Mu da muka je abin da ya cece mu ƙaramin tantin nan na banɗaki ne, in babu shi mace ba za ta sake ba ko kaɗan. Ruwan daɗi jarka uku muka ɗauka kuma bai yi yawa ba, don yaro na fitowa daga teku sai an ɗauraye shi in ba haka ba gishiri ya hana shi barci. Kowa da takalmin roba mai rufi, duwatsun wurin murjani ne suna yanka ƙafa kamar reza. Turakun tanti ba sa kama yashi, maigida sai da ya ɗaure igiyoyin a jarkoki da tayar mota saboda iskar dare. Ku yi nesa da itatuwan cikin ruwa in za ku kwana, sauro.
Amma asubar wurin, kai! Bayan mun idar da sallah na ga 'yata ta durƙusa ta yi tsit, ashe wasu 'yan ƙananan ƙaguwa ne kowacce ta goyo kwanson dodon koɗi tana ja, sun zana layi layi a kan yashi, da ta miƙa yatsa sai abin ya shige ciki ya lafe. Ta fi awa a wurin, wayar ma ba ta tambaya ba har muka taho.

Malam na Madina:
Ɗana, niyyarka ta yi kyau. Sai dai ka sani wurin mahmiyya ne, wato gandun kare halittu, tun 1989 hukuma ta killace shi, a 2021 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake tattalin halittunsu. Tsibiran sun haura 80, kaɗan ne ke da mutane, kuma ba ko'ina ake kafa tanti ba, kana sauka ka tambayi ma'aikatan wurin su nuna maka inda aka yarje. A ƙasar nan kunna wuta inda ba a ware ba a gandun hukuma tararsa na kaiwa riyal 3,000, don haka ka tafi da ƙaramin gas ɗinka. Itacen kandal, wanda ke tsirowa cikin ruwan teku, kar a karya ko reshe, cikin saiwarsa 'ya'yan kifi ke girma, masuntan garin da shi suke ci. Ka ɗauki ɗan kwalekwale ya zaga da ku cikin dajin kandal ɗin, ruwa ya ratsa tsakanin itatuwa kore shar. Akwai barewar Farasan, 'yar ƙarama, da sassafe ake dacewa da ita, a kalla daga nesa kar a bi ta da mota. Ka kai su ƙauyen Kassar da gidan Rifa'i na masu fataucin lu'ulu'u, su ga zanen bango, zai tuna maka da gidajen Zariya.

Baban Hanan, Makka:
Baba Allah ya ƙara girma, na gode ƙwarai. Ummu Yasir na karanta wa uwargida naki, ta ce tantin banɗakin shi za a fara saya. Mun tsayar da Janairu in sha Allah. Ɗan Karantina, masuntan da ƙarfe nawa suke dawowa bakin ruwa? So nake yaron nan ya riƙe kifin da hannunsa kafin a gasa.