Tumatirin gida mai tabo: wanne ake ci, wanne ake zubarwa?

Uwargida, Mabera: Assalamu alaikum. Tun Nuwamba na shuka tumatir a buhu shida a bayan ɗaki. Yanzu ya fara nuna, amma kusan rabi gindinsa ya yi baƙi, ya lotsa, ya bushe kamar fata. Samansa kuwa lafiya lau. Maigida ya ce in zubar, ni ko raina bai ba ni ba, don da ruwan 'yan garuwa na raine shi. Wa ya taɓa ganin haka?

Mai lambu, Kwalkwalawa: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Wanga ba cuta ba ta, ƙishirwa ta. Duk lokacin da injin ruwa yal lalace muna, munka kwana uku ba mu ba da ruwa ba, sannan munka cika komi, haka ɗiyan farko ka yi. Yanke baƙin ki yar, ki duba ciki. In ja na, ba wari, kai markaɗe. Mu shi muka ci gida.

Malamin gona, Runjin Sambo: Gaskiyar Baba ce. Ruwa ne ke ɗaukar sinadarin kalsiyam daga saiwa zuwa 'ya'ya, in ya yanke sai gindin ya mutu. Buhu kuma saurin bushewa gare shi. Hajiya, ki riƙa ba shi kaɗan safe da yamma, ki rufe ƙasar da ciyawa. Ɓawon ƙwai da wasu ke zubawa a gindin shuka don kalsiyam ba zai gyara wanda ya riga ya taɓu ba. Nawa tsagewa ya yi bara, bayan na manta shi na dawo na tula masa ruwa. Wanda ya tsage ranar nake cire shi a dafa, in ya kwana ƙuda da hunhuna sun shiga.

Maman yara, Arkilla: Wannan hunhunar ita nake tsoro. Na taɓa kankare farin gashin nan a kan guda huɗu na zuba a miya, don ina ganin tafasa za ta kashe komai. Miyar ta yi tsami, dole na zubar da tukunya guda. Daga baya wata ƙanwata ma'aikaciyar jinya ta faɗa mini tumatir abu ne mai laushi da ruwa, hunhuna na ratsa cikinsa inda ido bai gani, kuma wuta ba ta cika kashe dafinta ba. Tun ranar, mai yauƙi, mai tsiyayar ruwa ko mai wari, ko kauɗa ba na yi da shi.

Ɗalibi, Gawon Nama: Nawa a Afrilu gefe guda ya yi fari kamar takarda, daidai inda rana ke duka, bayan na rage ganye. Na yanke wurin, sauran ya ciwu.

Mai lambu, Kwalkwalawa: Yaro, ganye shi na laimar tumatur, ba a aske shi da bazara. Wanda za ku lura da shi ƙaramin rami na kusa ga hanci, da zane fari-fari ga ganye. Sharon ke nan, tsutsar da tac cinye gonaki 2016. Tsaga shi biyu. In hanyar tsutsar guda ta, kuma busassa, yanke da faɗi. In ta yi baƙin ruwa, rufe shi cikin rami, kar ki yar gindin shuka.

Uwargida, Mabera: Allah ya saka, Baba. Na tsaga goma sha ɗaya yanzu. Takwas cikinsu ja ne sarai, uku baƙin ya kai har ƙwaya, su na ware. Na aiki yaro da takwas ɗin wurin markaɗe.