Shawarwarin masu gyaran kwamfuta a Tahoua kan VLC da ke maƙalewa

A wata tattaunawa tsakanin masu gyaran kwamfuta da masu tura finafinai a waya a Tahoua, an fi daɗewa kan VLC, manhajar kallon bidiyo da sauraron sauti, wadda kan maƙale, ko ta rufe kanta, ko ta ƙi buɗewa ɗungum.

Yawancinsu sun ce kafin a zargi manhajar, a fara gwada wani bidiyon daban, domin sau da yawa fayil ɗin ne ya lalace, musamman idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafa, ko an zare katin memori da gaggawa. Idan kuwa kowane bidiyo na tsayawa, sai a shiga saitunan VLC a mayar da su yadda suka zo tun farko.

Shawarar da na fi gamsuwa da ita ta shafi bidiyon da hotonsa ke kakkaryewa ko ya koma kore alhali sauti na tafiya. A nan sai a kashe saitin da ke ɗora wa katin hoto (sashen kwamfuta da ke fitar da hoto a allo) aikin sarrafa bidiyo, sannan a sabunta direban katin, wato ƙaramar manhajar da ke sa shi aiki. Tsofaffin kwamfutoci kuma kan gaza da bidiyon 4K mai tsananin kyawun hoto ko na H.265, wani tsarin matse bidiyo, kuma wannan ba laifin manhajar ba ne.

Wani dattijo cikinsu ya ja hankali kan ƙura da zafin watan Afrilu: fanka ta toshe, kwamfuta ta ɗau zafi, komai ya tsaya. Idan duk an gwada an kasa, a cire VLC, a sauko da sabuwa daga shafin VideoLAN, ƙungiyar da ke yin ta, kaɗai, kyauta take.